Furar da Aka Dama wa Ige

A gidanmu na Ƙofar Marke, idan an sauke tuwon dare ba a kashe wutar murhu. Kakata Hajo kan ja tabarmarta kusa da garwashi, mu jikoki mu kewaye ta. A ƙauyen Wamakko aka haife ta, ta yi noma da hannunta kafin aure ya kawo ta birni. Ni take kira mijinta, cikin wasan jika da kaka.

"Matso, mijin banza, ko goro ba ka sayo min. Ga wata tatsuniya ta iso, ku ba ta wuri."

Tatsuniyar wata mace ce, Ige, shugabar manoma mata a garinsu, wadda ake damƙa wa irin shuka. Lokacin girbi takan zaɓi zangarniyar gero mafi ƙiba, ta adana a rumbunta na daban. Wata shekara yunwa ta faɗo. Mutane suka roƙe ta ta buɗe rumbun, ta ƙi. 'Ya'yanta na cikinta suka rayu da ganyen tafasa, ba ta taɓa ko ƙwaya ba, domin idan aka ci iri babu abin shukawa.

Da hadari ya fara haɗuwa, sai mai gari ya ce lalle a girmama wannan baiwar Allah. Aka kai ta gidansa, aka ƙunsa mata lalle hannu da ƙafa, aka ɗaure, ta yini zaune ba ta iya tashi, makaɗa suna wasa ta. Aka umarci matan gidan, waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba, su dama furar da ta dace da ita, wadda za ta ƙosar da gari duka. Babu wanda ya tambayi inda za su sami gero.

A nan Hajo kan rage murya. "Anka kawo mata hura, hwara tas. Tak kurɓa, tac ce, wanga hatsi daga ina? Sunka ce, na rumbunki na, Inna, duk garin babu mai kyawonai."

Ƙanwata ta fashe da kuka. Muka jira aljani ko tsuntsu ya mayar da geron, kamar yadda aka saba a tatsuniya.

"Kaka, sai me ya faru?"

"Sai ruwa ya zo. Ruwa mai albarka, irin da ba a taɓa gani ba."

"Suka shuka me?"

Ta dube ni, ta tura itace cikin wuta.

Na daɗe ina ganin zalunci ne a ba yara labari irin wannan. Sai bana, da furfurata, aka gayyace ni taron karrama shugabannin mata manoma. An zaunar da su a inuwar rumfa tun hantsi, ana ta jawabi, alhali kuwa makon dashen shinkafa ne. Wata dattijuwa a gefena tana ta duban rana. Na tambaye ta ko lafiya.

Ta ce, "Alhaji, jiya muka cire irin dashe, yana can bakin fadama yana bushewa. Yaushe za su gama yabonmu?"