Yadda Saniya Take Tashi

Ko na manta komai, ba zan manta ranar da jar saniyar Baba ta sake miƙewa ba.

Shekarar da soja suka karɓi mulki ne. Fari ya cinye mana garke a Takanamat, muka taho Tawa wurin yayana, mai zana allunan wanzamai da teloli. Jar nan mai farin goshi ita ce ta ƙarshe da ta faɗi. Tun daga ranar Baba ya juya fuska bango. Ba magana, furar da na dama sai ta yi tsami a ƙwarya. Tsoro ya cika ni, don na ga mutuwa yake jira.

Yayana, wanda muke yi wa kallon ya ɓata wayonsa a fenti, ya samo kaye, littafin rubutu irin na ƴan lakwal, ya yi ta zane a kusurwar kowane shafi. Wata hantsi ya durƙusa gaban Baba, ya danna babban yatsa ya saki shafukan, firrr. Wallahi sai ga jar saniyar a takarda kwance, ta kaɗa kunne, ta miƙe! Ni da ke tsaye a bayansa har ƙamshin ƙasa na ruwan farko na ji, kamar yanzu garken zai shigo daga kiwo.

Baba ya kalla sau uku, sai ya ja tsaki.

"Wanga doki na."

"Baba, jar saniyarka ta."

"Yaushe kag ga saniya ta tashi da gaba? Baya taka hwara ɗagawa, gaba na bisa gwiwa. Kai ɗan makiyayi na kuwa?"

Ya yunƙura zai gwada masa, jiri ya ɗebe shi. Ya harare ni. "Ke, kawo huran nan."

Ya shanye tas. Sannan tsohon nan ya yi rarrafe a tsakar gida yana tashi irin na saniya, yayana na zanawa, ni ina dariya ina kuka. Sun yi mako suna gardamar yadda take kaɗa wutsiya.

Daga baya yayana ya tafi Yamai, ya zama mai shirya fim na zane mai motsi. Har ya yi furfura bai sake zana dabba ba sai ya wuni a kasuwar dabbobi yana kallonta.

Ni kuwa abin da na koya shi ne, lallashi bai tada wanda ya fidda rai. Duk rarrashina bai sa Baba ya sha ko ludayi ɗaya ba, sai da ya ga akwai abin da in ba shi ba, ba mai gyarawa.