Layin da Ya Hana Manhajata Ganin Fuska

Ina aiki a wata ma'aikata a Abuja aka sa ni rubuta manhajar gano fuska a hotunan katin shaida. Na raba ta kashi biyu, ɗaya ya loda hoto, ɗaya ya nemo fuskar. Kwana uku kashi na biyu yana cewa bai ga kowa ba, ga oga yana jiran gwaji.

Abokiyar aikina, 'yar Jiwa, ta leƙo kwamfutata ta ce, "Malam, ai sunan fayil kake miƙa masa, ba hoton da ka loda ba."

Na gyara layi ɗaya, sai koren akwati ya kewaye fuskar direbanmu a hoton katinsa da nake gwaji da shi. Na yi hamdala, sannan na tuna ban ci abincin rana ba.