Ranar da Ƙwayar Ta Ƙi Komawa

A shekarun tamanin ina aiki da wani ƙaramin kamfani mai duba waldar bututu a wajen Rido. Hoto muke ɗauka irin na ƙashi a asibiti, amma na ƙarfe. Abin da ke ba da hasken wata 'yar ƙwaya ce da ba ta kai wake ba, tana zaune cikin tukunya mai nauyin tsiya. Daga nesa muke murɗa waya, ƙwayar ta bi ta cikin tiyo zuwa bakin walda, in an gama mu janyo ta.

Ogammu dattijo ne mutumin Filato, kowa Baba yake ce masa. Ya taɓa zuwa kwas ƙasar waje. Shi ya gaya mini cewa wannan hasken da ido ba ya gani yana cin kaya a hankali. Ya ce a tashoshin nukiliya ƙarfe mai kauri kan yi shekaru yana shan sa, daga waje lafiya lau, ciki kuwa ya koma kamar tangaran. Roba ma ba ta kai haka jimawa. Sau biyu yana rubuta wa ofis cewa tiyonmu ya bushe. Aka ce a lallaɓa.

Wata Talata da hantsi na murɗa wayar don in janyo ƙwayar, ta cije. Na sake, ta ƙi. Agogon awon hasken da ke hannuna ya ci gaba da ƙara. Tiyon ya tsage, ƙwayar ta maƙale a waje, ga masu walda suna aiki a bayan katanga.

Na ce, "Baba, bari in je."

Ya ce, "Malam, 'ya'yanka nawa?"

"Matata na da cikin fari."

"To tsaya nan. Kori mutanen can."

Ya ɗauki filaya ya ruga. Bai yi minti guda ba ya daidaita tiyon, ya yi mini tsawa, na janye ƙwayar. Ya dawo yana haki, ya duba hannunsa, ba ko ƙwarzane. Har muka ci shinkafa tare.

Bayan kwana goma yatsunsa suka yi ja, suka tashi kamar ƙunar ruwan zafi. Ciwon ya ƙi warkewa. Kafin shekara ta zagayo an yanke uku a hannun dama.

Ya bar aiki, ya koma Gonin Gora inda matarsa ke sayar da doya a bakin titi. Ranar sunan 'yata ya zo gidana a Unguwar Mu'azu daga coci, da kwat ɗinsa. Da aka miƙa masa jaririyar sai ya ɓoye hannun a aljihu, ya karɓe ta da hagu. Na kasa kallonsa.

Na ƙara shekara huɗu a aikin. Ban taɓa yi masa godiya da baki ba, don duk sanda na fara sai ya tambaye ni lafiyar iyali. Ya rasu ina Kano, sai bayan wata biyu labari ya iske ni.