Ranar da Kwamfuta Ta Haɗiye Muryar Inna

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta da yammacin da muka taru a gaban kwamfutar Yaya a gidanmu na Tudun Wada ba, muna tattara abin da Inna ta bari na murya da hoto.

Yaya shi ne ɗan farin Inna. Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da hakan ke nufi: tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, har ya fara furfura yana yaron nan. In ya zo gaishe ta sai ta kawar da kai ta amsa a taƙaice, mu ƙanana kuwa muna kan cinyarta muna shagwaɓa. Bai taɓa ƙorafi ba, amma na sha ganin yadda yake jinkiri a bakin ƙofa kafin ya sa takalmi.

Lokacin da ciwonta ya tsananta yana can Legas wurin aiki, ni ce ke jinyarta. Wata rana da hantsi ta dubi wayata ta ce, "Auta, abin nan naki yana ɗaukar magana?" Na ce yana ɗauka. Ta ce, "To kunna." Sai na ji ta kira sunan Yaya ɓaro-ɓaro. Ta ce bai taɓa saɓa mata ba, ta yafe masa duniya da lahira, ta sa masa albarka. Da ta gama ta harare ni ta ce, "Saura ki kunna masa ina raye." Ba a daɗe ba Allah ya yi mata rasuwa.

A kwanakin makoki gida ya cika maƙil, maganar kuma ba ta cikin jama'a ba ce. Na ce a raina sai an watse.

Shi Yaya mutum ne mai son tsari, ko cokula ne sai ya jera su. Bayan sadakar bakwai ya ce kowa ya kawo memorin wayarsa, zai haɗa duk hotuna da muryoyin Inna a folda ɗaya, sannan ya kwafa wa kowa. Da ya ga memorinmu sun cika, sai ya ce gara ya ɗauke fayilolin gaba ɗaya maimakon kwafa, mu samu wuri. Ya fara da nawa, komai ya shiga lafiya. Sai ya sa na yayata mace, wadda nake bi wa. Wayoyinmu iri ɗaya ne, shi da kansa ya saya mana, ashe suna ɗaya suke raɗa wa duk maganar da suka ɗauka, lamba ce kawai ke biye.

Wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfutar da Turanci, wai akwai fayil mai wannan sunan, a maye gurbinsa? Bai nuna abin da ke cikin ko ɗaya ba. Yaya ya ce, "Maimaici ne, kun tura wa juna." Ya danna a yi haka ga duka. Ina tsaye a bayansa ina kallon koren layin nan yana cika, har na ce masa sannu da aiki.

Bayan 'yan kwanaki, da baƙi suka watse, na same shi na ce, "Yaya, Inna ta bar maka saƙo." Ya miƙe zaune. Na nemo fayil ɗin da hannuna na danna. Sai guɗa da kiɗan wani biki suka cika ɗakin, wanda yayata ta ɗauka a Tudun Jukun. Muka buɗe na gaba, muka buɗe na bayansa, babu. Muka koma kan memorina, ashe na riga na sake cika shi da hotunan 'yan gaisuwa. Washegari muka kai wa wani mai gyara a Gyallesu. Ya yi iya ƙoƙarinsa, sannan ya ce, "Alhaji, abin da aka goge ana iya tono shi. Wanda aka rubuta wani a kansa kuwa sai haƙuri."

Muka dawo gida. Yaya ya wuce ɗakin Inna ya zauna a bakin ƙofa, inda ya saba durƙusawa. Ya ce, "Auta, me ta ce?" Na faɗa masa ta yafe masa, ta sa masa albarka. Ya girgiza kai. "Ba haka ba. Yadda ta faɗa, tun daga farko."

Ni ma fa tun da na yi wayo ban taɓa kiran sunansa ba, Yaya ne kawai. Na runtse ido, na kwaikwayi muryarta iyakar iyawata, na kira shi. Ya rufe fuska da hannun rigarsa, kafaɗunsa na rawa. Can ya ce, "Sake." Na sake.

Yau ina koyar da 'yan mata kwamfuta, kuma na ga an gyara akwatin nan. Yanzu yana jera fayilolin biyu, ya nuna ranar kowanne da girmansa, har ya ba ka zaɓin ajiye duka. Allah ya saka wa waɗanda suka gyara, amma duk ranar da ya fito sai zuciyata ta yi zafi, don gyaran bai riski Inna ba. Har yanzu ina ganin da sauran aiki: abin da aka maye gurbinsa ya kamata ya faɗa kwandon shara, inda za a iya dawo da shi.

Ɗalibaina sun gaji da jin ina cewa su kwafa tukuna, su buɗe su gani da idonsu, sannan su goge. Suna ɗauka tsananina ne. Ni kuwa abin da ranar nan ta koya mini shi ne, suna ɗaya ba ya sa abu biyu su zama ɗaya, kuma saƙon alheri ba a jira da shi sai an watse. Yaya ya yi rayuwarsa duka yana jiran kalma ɗaya daga bakin mahaifiyarsa, ta kuwa faɗe ta, amma a bakina ya ji.