Uwar Lauyan Ingila

Duk mai hawa torotoro, motar haya, a unguwar Asawase ya san Mma Bara'atu, in bai san sunanta ba ya san ƙamshin wake da shinkafarta. Tun tana amarya take wannan lungun, kuma babu direban da bai sha zaginta ba. Abu guda ne bakin nan nata bai taɓa furtawa ba, sunan ɗanta na fari. Haka ta taso ta ga iyayenta mata suna yi. Ɗan fari kunyarsa ake ji, ba a kiran sunansa, ba a sakar masa fuska a gaban mutane. "Yaron nan" take cewa.

Da aka yaye shi, ƙanin mijinta Iliasu, wanda Allah bai ba haihuwa ba, ya nemi riƙonsa, daga baya ya wuce da shi Ingila. Ita kuwa ta koma kan tukunyarta.

Labari ya riƙa zuwa gutsure-gutsure. Ɗan nata Muhaimin ya zama lauya, yana sa baƙar riga da farar hular gashi kamar tunkiya. Muhaimin ya shiga siyasa, Turawa sun zaɓe shi majalisa. Maƙwabta su kawo hotonsa a waya, ta kau da kai, ta ce su matsa suna tare mata ciniki. Sai sun tafi ta tambayi ƙanwarta Kausara ko ya yi ƙiba.

Bayan rasuwar Iliasu ne Muhaimin ya zo, gemu da furfura, babu Hausa ko ta gaisuwa. Da hannunta ta tuƙa masa tuwo da miyar ayoyo. Ya shigo ya ware hannu zai rungume ta, ta ja da baya, ta zauna tana kallon bango, yadda uwa mai mutunci take yi. Kausara ce tafinta. Ya ce tambaya ɗaya ta kawo shi: da ta ba da shi, ta taɓa kewarsa kuwa?

Mutumin da ke titsiye ministoci ya tsaya yana jira. Amsa kam tana nan cike da bakinta. Amma ɗakin ma cike yake da dangin miji, kowa ya zuba ido.

"Ki ce wa yaron nan abinci zai huce," in ji ta.

Kausara ta yi ta bayani, al'ada ce, kunya ce, ba ƙiyayya ba ce. Ya saurara da ladabi irin na lauyoyi, ya ɗan taɓa tuwon. Kafin la'asar mota ta tafi da shi.

Da ɗakin ya watse, Bara'atu ta jira kuka ya zo, bai zo ba. Ba ta ji komai ba, ko zafi ko sanyi. Ta tambayi Kausara me ya faɗa a bakin ƙofa.

"Yaya, bar shi kawai."

"Faɗa mini."

"Ya ce tuwon ya yi daɗi. Ya ce a gode wa Madam."

Ta ce to. Ta jawo kwanon ta rufe.