Bulan Motar Baba Ilya

Duk abin da zan manta a aikin kanikanci, ba zan manta da ranar da aka sauke mana injin motar Baba Ilya a garejina na Agiye ba. Laraba ce, bayan an gama yankan gero, yara sun koma lakol, wato makaranta.

Baba Ilya shi ya koya mini aiki. Na shiga hannunsa ina aparanti, wato mai wankin ƙarfe da miƙa sifana, na zama mai kwance inji, har ya sallame ni na buɗe nawa gareji. Shekara goma sha ɗaya ban ji ya ce mini "madalla" ba. In aiki ya yi kyau, sai ya yi shiru. In bai yi ba, har masu shayi na bakin hanya sai sun san na yi ɓarna.

Yana da wata tsohuwar a-kori-kura, wadda mu nan muke cewa bashe. Da ita ya yi ta jigilar 'yan kasuwa tsakanin Gazawa da Gangara, garin da aka haife shi. Injin ya mutu a damina, shi ma ciwo ya kwantar da shi a gidansa na Gazawa. Babban ɗansa Habu ya samo wani inji daga tsallaken iyaka, aka jawo motar zuwa wurina. Da na je gaishe shi, ya ce:

"Sani, so nike in tai Gangara in ga an sa dammunan gero rumbu. Kuma ba ni shiga garinmu cikin motar wani. Ka tada mini ita."

Na ce, "Baba, in injin ya iso, kwana ukku ya yi yawa." Ku ji cika baki.

Ga waɗanda ba su sani ba, a bayan kowane inji akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi, da haƙora zagaye da shi. Mu muna cewa bulan, mutanen Najeriya suna cewa filawil. Haƙoran nan su demarer, wato sitata, ke kamawa ya juya inji, fuskarsa kuma nan faifan kuloci ke mannewa. Ƙa'idar da Baba ya koya mana ita ce, ba a fitar da ko noti ɗaya na tsohon inji sai sabon ya tashi ya yi tafiya.

Ni kuwa tun kafin sabon ya iso na kwance tsohon. Direktan wani lakol da ke bayan gari ya zo gyaran babur, ya ga bulan a jingine, ya ce ƙararrawarsu ta tsage, ko zan taimaka wa yara. Na ɗauka na ba shi, har da ƙarin igiya. A zatona kowane inji da bulansa yake zuwa.

Ranar Larabar nan, muna juya sabon injin, sai na ga matsala. Daga mota mai giya otomatik aka ciro shi, kuma irin waɗannan ba su da bulan, sai wani siririn faranti da kuloci ba ya kamawa. Ramukan noti dai iri ɗaya ne da na tsohon, domin gidansu ɗaya. Abin da nake bukata yana rataye a jikin bishiyar bedi ta lakol, ana buga shi safe da rana mako uku ke nan.

Na tafi lakol kaina a ƙasa. Direkta ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Malam Sani, kyauta da ƙwace?" Na ce masa a kai ƙarata jandarma in ya so, amma yau ba na komawa hannu biyu. Na bar masa tsohon wili a madadi.

Yara sun yi wa bulan aiki. Fuskar duk ta lotse da dukan guduma, haƙora huɗu sun guntule. Sai da na kai shi Maradi wurin mai injin gyaran ƙarfe ya share fuskar. Na gasa zoben haƙoran da gawayi, na cire, na juya shi baya ya koma gaba. Sannan na tarar notukan sabon injin gajeru ne, kuma babu ɗan zoben tagullar da bakin sandar giya ke zama ciki, sai da aka sassaƙa mini wani. Kullum Habu na kira, kullum ina cewa gobe. Kwana uku suka zama sha biyu.

Ranar da motar ta tashi, na tuƙa ta zuwa Gazawa da hantsi, raina fari. Habu ya tare ni a ƙofar gida, ya ce tun shekaranjiya Baba ko zama ba ya iyawa.

Na shiga na durƙusa. Ya rame har na kasa kallonsa. Ya ce, "Ka kawo ta?" Na ce tana waje. Ya ce a tada ta ya ji. Habu ya matso da ita jikin katangar ɗakin, ya murza makulli. Baba ya rufe ido yana saurare, ya daɗe. Ni ina jira ya tambaye ni abin da ya tsayar da ni, na shirya faɗin gaskiya. Bai tambaya ba. Ya ce:

"Ka juya zoben, ko? Na ji cizon demarer. Amma wutar ta yi sama, Sani. Tashi ka rage ta, kana ƙona mini mai."

Na fita na rage, hawaye na ɗiga kan karbireta. Bayan kwana biyu Allah ya yi masa rasuwa, bai ga Gangara ba. Na san kwana ya ƙare, amma na san kuma da bulan nan yana garejina, da ya je ya dawo da ƙafarsa.

Shi ya sa, ku masu tasowa, in kun ga ina hana ku taɓa tarkacen tsohon inji, ba rowa ba ce. Kowane ƙarfe da wanda ya saba zama da shi, sai ka gwada za ka san ko baƙo zai karɓe shi. Kuma kafin ka ce wa mai mota gobe, ka dubi mai motar. Yau shekaruna sun kusa nasa, kowa "Shef, sannu da aiki" yake ce mini. Wallahi kewar mai yi mini faɗa nake ji.