Farfarar Iya

Shekarar da zan rubuta jarrabawar fita sakandare, a ɗakin kakata nake bitar labarin ƙasa, don nan ne kaɗai ƙannena ba sa shiga da hayaniya. Ƙauyenmu yana kusa da Gozaki, makarantarmu kuwa a Malumfashi take, an ba mu 'yan kwanaki mu leƙa gida kafin a fara. Iya muke kiran kakar tawa. Idonta ya yi rauni a lokacin, amma kunnenta garau yake.

Na tarar da 'yar tsama tsakaninta da Baba. Iya tana da gayauna da marigayi kakanmu ya bar mata, inda take shuka farfara, dawar da ta zo da irinta daga gidansu tun tana amarya. Dawa ce mai jinkiri, sai damina ta kai ƙarshe sosai take yin ido. A 'yan shekarun nan kuwa ruwa yakan ɗauke tana cikin fid da kai, sai a girbe kara jibgi, zangarniya ba nauyi. Baba ya sayo sabon iri mai saurin nuna a Funtua, Iya ta ce ba dai a gonarta ba.

Wata la'asar ina karatu da ƙarfi, ita tana gyaran kuka a faifai, sai ta ce, "Angona, wannan Turancin da kake ta tauna, me yake cewa?"

Na ce, "Maganar ruwan sama ce, Iya."

"To faɗa mini da Hausa, ai ni ma da ruwa nake ci."

Na fara da in'ina. Na gaya mata iska mai danshi daga teku take tasowa ta kawo mana damina. Na ce hayaƙin motoci da masana'antu da sare itatuwa sun sa duniya tana ƙara zafi, shi ya sa damina take rikicewa, ta makara, ko ta zo da ambaliya, ko ta ɗauke da wuri.

Ta ajiye faifan.

"Duniya ka ce? Ba garin nan kaɗai ba?"

"Ko'ina, Iya. Har ƙasashen da ba su san dawa ba."

Sai ta ce, "Ni fa na ɗauka hannuna ne. Tun da Malam ya rasu farfarar nan ba ta ƙara cika rumbu ba. Na ce ko albarkar tasa ce, ya tafi da abarsa."

Na matsa kusa da ita na ce, "Ba hannunki ba ne, Iya."

Ta goge ido da gefen mayafi, ta yi 'yar dariya. "Ikon Allah. To ci gaba, kada ka faɗi a ce ni na kayar da kai."

Washegari da safe ta aika aka kira Baba. Ta ce ya shuka irinsa a gayaunar, amma ya bar mata kunyoyi kaɗan ta wajen rafi, inda danshi yake daɗewa. Baba ya ce, "An gama, Iya," yana satar kallona.

Na koma makaranta na yi jarrabawata, labarin ƙasa ya zo mini da sauƙi. Da kaka, sabon irin ya yi kyau. Farfarar wajen rafi ma ta yi ido, ko da yake abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Iya ta ware na iri ta rataye a dangar ɗakinta, sauran ta sa aka surfa aka niƙa. Ranar da aka tuƙa tuwon, ta hana kowa zuba mini, ta lalubi mara da kanta ta cika mini kwano.